Malam Aƙilu Mai Kwamfuresa da Hucin Gindin Katanga

Idan hantsi ya fara, mutanen Limancin Kona sun saba ganin Malam Aƙilu ya turo tsohon kekensa daga zaure. Ba ya hawa a cikin lungu, sai ya fita bakin titi, don ya ce lungu na tsofaffi ne da awaki. A bayan keken akwai akwatin katako da ya sha mai har ya yi baƙi. A cikinsa akwai sifana huɗu, da gorar ruwan sabulu, da tsohon burushi, da wata ƙusa da ya goge da magagari ya ɗaura mata jan zare don kada ta ɓace. Kayan aikinsa ke nan sama da shekara arba'in. Yakan tsaya ya sha koko a tsaye, ya tambayi mai kokon jikin mijinta, sannan ya nufi inda aka kira shi jiya.

Aikinsa gyaran kwamfuresa, injin nan da ke zuƙar iska ya matse ta a cikin tanki. Masu faci suna kiransa, masu fentin mota ma haka, amma waɗanda suka fi cinye masa rana su ne masu feshin yashi. Ga wanda bai taɓa gani ba, idan tsatsa ta ci ƙofar ƙarfe ko tankin ruwa ko bodin tifa, ba a yi masa fenti sai an kankare shi, ruwa da soso kuwa ba sa yi. Sai a zuba yashi a wata tukunyar ƙarfe, iskar kwamfuresa ta kwashe shi ta cikin tiyo, ya fita ta wani ɗan baki da suke kira nozul, ya daki ƙarfen har ya yi fes kamar yau aka ƙera shi. Aiki ne mai cin iska, ita kuma iskar sai an ƙona man dizal ake samun ta.

Malam Aƙilu bai yi boko ba. Ya koyi inji ne yana saurayi a wani kamfanin gurzar auduga da ya daɗe da rufewa, kuma abin da ya fito da shi daga can shi ne kunne. Sauran masu gyara idan sun zo sai su ce a tada inji su ji. Shi kuwa sai ya ce a cika tanki, a rufe komai, a kashe inji, kowa ya yi shiru. Daga nan ya bi tiyo a hankali, kansa a karkace, kamar mai neman kazar da ta ɓuya ta yi ƙwai. Inda ya tsaya ya ɗiga ruwan sabulu, nan kumfa za ta taso.

Shaidu suna da yawa. A Tudun Jukun akwai wanda ya gama shirin sayen inji na biyu don na farkon ya gaza. Malam Aƙilu ya yanke rabin tiyon da ke naɗe a ƙasa ba gaira ba dalili, ya juya bakin shan iskar injin daga wurin zafi zuwa inuwa, ya wanke matatar, ya ce a gwada. Har yau inji ɗaya ne a wurin. Wani malamin jami'a daga unguwar Kongo ya taɓa zuwa da na'urar gano yoyon iska yana son gwada ta a garejin birni. Na'urar ta nuna wuri biyar. Malam Aƙilu ya riga ya zana alli a wuri shida, na shidan kuma da aka sa sabulu ya yi kumfa. Malamin ya tambaye shi ina ya yi karatu. Ya ce, “A gindin inji, ranka ya daɗe. Ba sa ba da takarda.”

A ƙarshen watan nan zai ajiye akwatin. Ba wanda zai shirya masa walima, don ba shi da ofis, ba shi da ƙungiya. Shi ya sa ya kamata a ba da labarin aikinsa na bara, wanda a ganina ya fi duk sauran.

Akwai wani lungu a cikin birni inda Inuwa yake da wurin feshin yashi. Gadon mahaifinsa ne, wanda asali maƙeri ne kafin ya koma wannan sana'a. Inji da tanki suna cikin tsohuwar maƙerar, aikin kuma ana yin sa a wani kango can ƙasan lungun, bayan masallaci, tafiyar taku arba'in. Mutum shida ke ci daga wurin, kowa da iyalinsa. A jikin katangar maƙerar kuwa ɗakin Inna Asama'u yake, tsohuwa ce da ta haura tamanin, mai fama da ciwon fuka. Injin Inuwa ya kai matsayin da yake ruri daga safe har magariba, ba ya tsayawa sai lokacin salla, hayaƙinsa yana kwanciya a tsakar gidanta. Ta yi haƙuri shekaru. Ranar da numfashi ya sarƙe mata har aka fita da ita a kwance, da ta dawo sai ta aika wa mai unguwa.

Mai unguwa ya yanke magana a farkon watan Sha'aban. Ya ce tsohuwa ba za ta yi azumi cikin hayaƙi ba. Idan wata ya kama injin nan yana yadda yake, a kwashe shi a fita da shi bayan ganuwa. Inuwa ba shi da ko taku ɗaya na fili a bayan ganuwa. Fita na nufin rufewa.

Da Malam Aƙilu ya iso, ya tarar da Inuwa zaune a kan jarka, ya dafe kai.

“Baba Aƙilu, na samo dabara,” in ji Inuwa. “Akwai wani babban inji a Sabon Gari, ya ninka wannan. In na kawo shi, aikin yini sai mu gama shi da rana.”

“Wannan ɗin me ya yi maka?”

“Ya tsufa. Ba ya iya cika tanki.”

“Randa ce ke yoyo, kai kuma kana neman babban guga,” in ji Malam Aƙilu. “Hayaƙin babban kuma wa zai shaƙa? Tashi mu je kango.”

A kango suka sami Bahago, wanda ke riƙe da tiyo shekara goma sha. Ƙato ne, mutumin ƙauye daga wajen Giwa, ya naɗe fuska da tsohon rawani, sai idanu. Malam Aƙilu ya karɓi nozul ɗin ya duba, ya ciro ƙusarsa mai jan zare ya saka a ramin. Ƙusar ta zurma ta faɗo ta ɗaya gefen ko gogar bango ba ta yi ba.

“Wannan ya mutu tun bara waccan,” ya ce.

Bahago ya fizge abinsa. “Wa ya mutu? Baba, ka ji rurinsa kuwa? In na buɗe shi har Ƙofar Doka ana ji. Sabon nozul ai fito yake yi kamar tsuntsu. Wannan ni na raine shi har ya yi baki.”

“Ka raine shi har ya zama mazurari. Yashi ya cinye masa ciki. Rami ya faɗaɗa, iska tana zubewa da yawa ba ƙarfi, inji yana bin ta da gudu ba ya cim mata.”

“To ni da nake riƙe da shi ban sani ba, sai kai mai ƙusa?”

Wannan kuskure ne da kusan duk masu feshi ke yi, kuma ba wauta ba ce. Hannu yana jin girgiza, kunne yana jin ruri, ido yana ganin yashi na ambaliya, sai zuciya ta ce aiki ake yi. Malam Aƙilu bai tsaya musu ba. Akwai wata ƙofar gida mai ganye biyu da aka kawo, duka tsatsa. Ya ce Bahago ya wanke ganye ɗaya yadda ya saba. Bahago ya buɗe yashi har ƙarshe, ƙura ta turnuƙe, ya gama yana haki. Sai Malam Aƙilu ya ɗaura sabon nozul, ya tsuguna gindin tukunya yana rage yashin, yana ragewa, har abin da ke fita ya zama kamar hayaƙin turare.

“Baba, ai ba na ganin yashin!” in ji Bahago.

“Ƙarfen yana ganinsa. Yi aikinka.”

Ganye na biyu bai ci rabin lokacin na farko ba. Bahago ya kwance rawani, ya shafa ƙarfen da tafin hannu, ya dubi tsohon nozul ɗinsa da ke yashe a ƙasa. “Munafuki,” ya ce masa. “Shekara uku kana cika mini baki.” Duk aka yi dariya har da Inuwa, wanda rabonsa da dariya tun ranar da aka kira shi gaban mai unguwa.

Kwana huɗu Malam Aƙilu yana bin kayan ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance duk robar taya da aka ɗaɗɗaure mahaɗar tiyo da ita, ya sa maɗauri na ƙarfe. Ya zubar da ruwan da ya taru a gindin tanki, baƙi mai wari, kusan bokiti. Ya sa aka shanya yashi aka tankaɗe, don ɗanyen yashin rafi toshe tukunya yake yi, a tsaya ana dukanta da guduma inji kuwa yana ta ci. A rana ta biyar ya ce a cika tanki, a rufe bakin da ke kango, a kashe inji. Ya tsaya gaban geji, agogon nan mai nuna ƙarfin iska, ya zuba masa ido.

Allurar ta fara sauka. A hankali, amma ba ta tsaya ba, har ta kwanta.

Akwai babban yoyo a wani wuri. Ya bi duk abin da ido ke gani da sabulu, ba kumfa. Ya sake bi washegari. Ya karkata kai yadda ya saba, ya rufe ido, ya bi lungun daga maƙera zuwa kango ya dawo. Abin da ya ji shi ne abin da ya daɗe yana ji shi kaɗai, wani siririn kuka a cikin kansa kamar na gyare, wanda ba ya tsayawa ko a cikin salla.

Ran nan ya koma gida da la'asar ya zauna a tabarma bai cire hula ba. Matarsa Tayyiba ta zagayo gabansa ta ajiye kwano.

“Sau uku na yi maka sannu da zuwa,” ta ce.

“Hankalina ne ba ya nan.”

“Malam, ni za ka gaya wa haka? Shekara biyu ina zagayowa gabanka kafin in yi magana. Rediyonka har maƙwabta sun san labaran da kake ji. Yaushe za ka faɗa musu?”

Me zai ce? Mutumin da duk birni ya sani da kunne, idan ya ce kunnen ya tafi, me ya rage a akwatin? Shekara biyu yana rufa wa kansa asiri da sabulu da sanin inda yoyo ya saba fitowa. Yana iya ci gaba da hakan. Yana iya ce wa Inuwa injin ne ya tsufa, ba wanda zai ƙaryata shi. A kwashe inji, mutum shida su watse, sunansa kuma ya tsira. Na daɗe ina juya wannan a raina, don irin wannan ƙarya ba a kama mai ita, kuma mafi yawanmu da irinta muke tsare mutuncinmu.

Da safe ya sami Inuwa a maƙera, a gaban ma'aikatansa duka, ya ce, “Inuwa, kunnena ya tafi. Ya daɗe da tafiya. Iskarka tana gudu a wani wuri, ni kuma ba zan iya jin ta ba.”

Bahago ya sunkuyar da kai yana wasa da yashi da ƙafa.

“Bututun da ya tashi daga tanki zuwa kango,” in ji Malam Aƙilu, “me ya sa aka binne shi?”

Inuwa ya matso kusa, ya ɗaga murya, yana jin nauyin ɗagawar. Ya ce da farko tiyo ne a shimfiɗe a lungun. Amma ta nan ake wucewa da makara daga masallaci zuwa maƙabarta. Wata rana masu ɗauke da gawa suka yi tuntuɓe da shi, saura kaɗan. A ranar mahaifinsa ya rantse ba abin da zai ƙara gittawa a hanyar mamaci. Ya sayi bututun ƙarfe ya binne shi a gefen lungun, bin gindin katangu, shekara ashirin da biyar ke nan.

Ƙarfe a ƙasa, damina ashirin da biyar. Malam Aƙilu ya san yoyon yana can. Amma taku arba'in ne, duka a gindin katangun ƙasa na mutanen da ransu ya riga ya ɓaci. Ba mai barin a tone masa gindin katanga a kan zato. Maido da tiyo sama kuwa Inuwa ya ce ko za a rufe wurin ba zai karya rantsuwar ubansa ba. Kai injin kango ma ba zai yiwu ba, ƙura za ta kashe shi, ga masallaci a jiki. Sai dai a san wurin daidai, a tona rami ɗaya. Saura kwana goma sha ɗaya wata ya kama.

“Wa ya fi kowa daɗewa yana jin injin nan?” in ji Malam Aƙilu.

“Ni mana,” in ji Bahago.

“Kai kana cikin rurin. Wanda ke zaune shiru yana ji nake nufi.” Ya nuna katangar da haɓa.

Inuwa ya zaro ido. “Gidan wadda ta kai ni ƙara? Baba, ni tun da abin nan ya faru ko ƙofar ban kalla ba. Da can ma sukari nake aika mata duk azumi.”

“Ka taɓa shiga ka tambaye ta me take ji?”

Inuwa ya girgiza kai.

Malam Aƙilu ya wanke hannu, ya yi sallama a zaure, aka yi masa iso. Ya sami Inna Asama'u a bakin ɗakinta, a jingine da bango, ƙirjinta yana ɗagawa da ƙyar. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ƙura masa ido.

“Wannan ba Aƙilun Rahama ba ne? Na Limancin Kona? Da uwarka muka yi tallan fura. Kai ne ka koma bawan wannan dodon?”

“Ni ne, Inna. Sai dai ki ɗaga murya, kunnena ya lalace.”

Ta yi dariya har tari ya kama ta. “Ikon Allah. Ni ba numfashi, kai ba kunne. Matso nan.”

Ya matso. Ya ce ba roƙo ya zo yi ba, tambaya ce. Yaya kukan injin yake a da, yaya yake yanzu?

Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya, amsar kuwa a shirye take. Ta ce zamanin mahaifin Inuwa injin yakan yi ruri ya sassauta, ya yi ruri ya sassauta. A cikin sassaucin nan take shanya, take tsince shinkafa, har takan ce masa sannu. Damina uku ke nan ya daina sassautawa. “Tun shekarar da ruwa ya kwanta a lungu kwana biyu. A shekarar ne kuma macijin ya zo.”

“Wane maciji, Inna?”

“Na gindin katangata. Da sun kashe inji za su tafi azahar, sai ya fara huci. In tayar da salla yana huci, in kai raka'a ta uku ya gaji ya yi shiru. La'asar ma haka. Na sa an zuba toka, an yi turare, an yi addu'a. Da na ga bai taɓa fitowa ya sari kowa ba, na ce to zauna, kai ma bawan Allah ne.”

Malam Aƙilu ya gyara zama. Macijin da ke huci sai an kashe inji, ya yi shiru idan tanki ya ƙare.

“Inna, za ki iya nuna mini inda yake?”

Da azahar ta yi aka cika tanki aka kashe inji. Inna Asama'u ta fito lungu da sandarta, karo na farko cikin watanni, Malam Aƙilu yana riƙe da gwiwar hannunta. Ma'aikata shida sun jeru a jikin bango ba mai motsi. Ta yi taku biyar, ta tsaya, ta koma baya taku ɗaya, ta dangwara sandar a ƙasa kusa da magudanar ruwa.

“Ga shi nan. Yau ma da ƙarfinsa.”

Malam Aƙilu bai ji komai ba. Ya tsuguna ya juye gorar sabulunsa duka a wurin. Ƙasa ta jiƙe, ta yi shiru, sai ga kumfa tana tasowa daga tsagar ƙasa, ƙanana, suna fashewa suna sake tasowa. Bahago ya ce, “La ilaha illallahu.” Suka tafi masallaci da gudu don an kusa tayarwa.

Rami ɗaya aka tona. Hudar da ke jikin bututun babban yatsa yana shiga. Aka yanke ruɓaɓɓen, aka yi waldar sabo, aka shafe shi da kwalta aka naɗe, aka mayar da ƙasa aka daddaɓe. Da aka sake gwadawa allurar geji ta tsaya cak, har Inuwa ya ƙwanƙwasa gilashin yana zaton ta maƙale.

Daga ranar aikin yini ya koma na safiya. A tada inji da hantsi, kafin azahar an gama, kuma a tsakani yana samun sassauci. Jarka uku ta dizal ta koma ɗaya da ɗan ƙari. Malam Aƙilu ya ƙara wa bututun hayaƙi tsawo ya haura rufi, ya juya bakinsa daga gidan Inna. Ya sa aka kewaye kango da tamfol, ya matsa wa Inuwa sai da ya sayo wa Bahago abin rufe hanci na gaske maimakon rawani.

Saura kwana biyu azumi mai unguwa ya zo da kansa, aka zauna a zauren Inna Asama'u. Ya saurari komai, sannan ya juya ga Malam Aƙilu ya ɗaga murya.

“Malam, kai kowa ya yarda da maganarka. Kalma ɗaya nake so. Injin nan ya daina cutar da ita?”

Inuwa ya dube shi da idon roƙo. Kalma ɗaya ce, kuma kusan gaskiya ce.

“Bai daina ba, ranka ya daɗe,” in ji Malam Aƙilu. “Ya ragu sosai. Amma inji ne, yana ƙona mai, hayaƙi kuwa ba ya tambayar hanya. Ƙurar yashin ma tana cin ƙirji, na Bahago kafin na kowa. Na iya rage ɓarna, ban iya kashe ta ba. Ko abin da ya rage mai ɗaukuwa ne, ba ni zan faɗa ba. Mai ƙirjin tana zaune.”

Inuwa ya runtse ido. Aikin sama da mako biyu, ga shi wanda ya yi aikin ya ajiye shi a hannun wadda ta kai ƙara. Har yau ban gama yanke wa kaina hukunci ba ko da ta ce a fita da injin zan iya yaba wannan amsa. Mutum shida da 'ya'yansu a gefe guda, gaskiyar da ba ta cika ba a ɗaya gefen. Abin da na sani shi ne, da ya ce “ya daina”, da an sake yanke hukunci a kan numfashinta ba a tambaye ta ba.

Inna Asama'u ta dubi Inuwa.

“Ranar sunanka ni na dama kunu,” ta ce. “Shekara uku ina shaƙar hayaƙinka, kana aiko mini da sukari. Sukari na ce maka ina so?”

“Ki yafe mini, Inna.”

“Jiya na yi la'asar a tsakar gida. Na ji kukan kurciya. Na ɗauka sun bar unguwar nan, ashe suna nan.” Ta juya ga mai unguwa. “A bar su su ci abinci. Amma da azahar a kashe, kada a ƙara tadawa. Kuma duk Juma'a shi da kansa ya shigo, ba aike ba, ya zauna nan ya tambaye ni yadda injinsa yake. In ya fara ciwo ni zan riga shi sani.”

Haka aka yi, haka ake yi har yau. Wurin Inuwa yana nan, mutum shidan suna nan. An ce sau biyu tana aika masa cewa kukan ya sauya, sau biyun kuma aka sami abin da ya kwance.

Malam Aƙilu, kai ne ka yi shekara arba'in kana sassauta wa mutane rurin inji, rurin kuma yana cin kunnenka kaɗan kaɗan, ba ka taɓa kai ƙarar kowa ba. Kai ne ka tsaya gaban waɗanda ke girmama ka saboda abu ɗaya ka ce abin ya tafi, don kada wurin cin abincinsu ya tafi tare da shi. Man da ba a ƙona ba saboda kai, ba wanda ya gan shi. Hayaƙin da bai tashi ba, ba wanda zai nuna shi ya ce ga aikin Aƙilu. Irin aikinka ke nan, idan ya yi kyau sai a rasa abin nunawa. Likitan iska, mai gaskiya ko ta ƙi daɗi, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sa hutunka ya zama hutu, ya jiyar da kai abin da ya fi duk abin da ka rasa ji.

Ku kuma masu inji a birnin nan da wajensa, masu feshi da masu niƙa da masu walda, kafin ku ce injinku ya yi kaɗan, ku kashe shi ku nemi inda yake zubarwa. Kafin ku ce maƙwabci ya cika ƙorafi, ku cire takalmi ku shiga ku zauna, ku tambaye shi me yake ji ta bayan katanga. Wataƙila ya fi ku sanin injinku.

Wannan godiya ba za ta isa kunnensa daga nesa ba. Idan kun hange shi a hanyar masallaci, kada ku yi masa sallama ta baya ku ce ya share ku. Ku zagayo gabansa, ku tsaya inda zai ga bakinku, ku faɗa a hankali: sannu da aiki, Malam Aƙilu.